Hoton Nan Na Wane Ne? Haƙƙin Mai Ɗauka Da Haƙƙin Wadda Aka Ɗauka

 

Kwanakin baya muka yi bikin 'yar yayata a Daura. Ba Daurar Jihar Katsina nake nufi ba, tamu ce ta ƙasar Ƙaraye, a yammacin Jihar Kano. Da yake yayar tawa ba ta son namiji ya shigo tsakiyar mata ranar kamu, sai aka nemo wata matashiya 'yar Rogo da ta koyi ɗaukar hoto a birni. Yarinya ce mai natsuwa, ta zo da hijabinta da kyamararta, ta wuni a tsaye, ba ta ko zauna ta ci abincin kirki ba. Bayan kwana huɗu ta kawo hotuna, kowa ya gani sai ya ce masha Allah. A ƙasan kowane hoto, can gefen dama, ta sa sunan sana'arta da ƙananan haruffa.

Ba a cika sati uku da tarewa ba sai ga waya daga dangin ango. Wai sun ga hoton amaryarsu a shafin wata mai sayar da leshi da atamfa a wani gari mai nisa, an rubuta a ƙasa cewa ga irin kayan da ake samu a wurinta, mai so ya yi magana. An yanke gefen da sunan mai hoton yake, an ɗora sunan shago a kan ƙirjin amarya. Ango ya fusata, ya ce shi bai aje mata don a yi talla da fuskarta ba. Wa aka fara zargi? Mai hoto. Aka kira ta aka wanke ta tas, aka ce ta sayar da hoton. Yarinyar nan ta yi rantsuwa har da kuka, ta ce ita ma yanzu take ji.

Da muka bi sawu sai muka gano cewa ɓarawon yana cikin gida. Amarya ta tura wa ƙawarta, ƙawa ta ɗora a sitatus ɗinta na WhatsApp, wata ta kwafa daga can ta jefa a zauren tsofaffin 'yan makarantarsu, daga nan kuma sai Allah kaɗai Ya san hannu nawa ya ratsa kafin ya isa wurin mai leshi. Babu ko ɗaya a cikinsu da ta yi niyyar cuta. Amma an wayi gari an cuci mutum biyu: amarya da aka yi talla da ita ba da saninta ba, da mai hoto da aka cinye guminta aka kuma ɓata mata suna.

Wannan ne ya sa na ga ya dace mu zauna mu tattauna, domin abin ya zama ruwan dare. Kowane hoto da ke yawo a wayoyinmu yana da masu haƙƙi biyu, wanda ya ɗauka da wadda aka ɗauka, kuma ɗan sunan nan da muke yankewa shi ne igiyar da ta ɗaure hoton da masu shi.

Jiya da yau

Waɗanda suka yi 'yanmatanci kafin zuwan wayar salula za su tuna yadda abin yake. Ranar Sallah a ci ado a tafi situdiyo, a tsaya gaban labule mai zanen furanni, ko kuma mai hoto ya zagayo unguwa da kyamara rataye a wuya. Sai an jira kwanaki kafin a wanko. Idan kika juya bayan katin za ki ga hatimin mai hoton, da sunansa da unguwar da shagonsa yake. Fim ɗin da ake wanko hoton daga jikinsa yana wurinsa, in kina son ƙari sai kin koma kin biya. Hoton kuma yana cikin albam a ƙasan akwati ko a cikin kwalla, ba mai ganinsa sai wadda kika ɗauko wa da hannunki.

Wato a wancan zamani haƙƙin kowa a tsare yake ba tare da an yi wata doguwar magana ba. Mai hoto yana riƙe da asali, uwargida tana riƙe da albam.

A shekarar 2001 aka fara wayar salula ta GSM a Najeriya. Ba a jima ba wayoyi masu kyamara suka shigo, aka fara tura hoto daga waya zuwa waya. Sai ga Facebook, sai WhatsApp da aka ƙirƙiro a 2009, sai Instagram a 2010. Yau hoton da aka ɗauka a tsakar gida a Ƙaraye da azahar, kafin la'asar ya isa Jidda da Yamai da Landan. Kwafinsa na dubu daidai yake da na farko, ba ya kodewa, ba ya yagewa, ba kuma wanda zai iya kiran shi ya dawo.

Yadda suna ke ɓacewa a hanya

Uwargida, ko kin san kowane hoton zamani yana ɗauke da rubutu a ɓoye a cikinsa? Kyamara ko waya tana rubuta ranar da aka ɗauka, da lokaci, da irin na'urar, wani lokaci har da wurin da aka tsaya idan an kunna taswira. Ƙwararrun masu hoto sukan ƙara sunansu da lambar wayarsu a cikin wannan ɓoyayyen bayani. Shi ne ya maye gurbin hatimin bayan kati.

To amma da zarar an tura hoto ta WhatsApp yadda muka saba, manhajar tana matse shi don kada ya ci data, tana kuma zubar da wannan bayanin. Yawancin shafukan sada zumunta ma suna goge mafi yawansa. Idan kuwa mutum ya ɗauki hoton fuskar wayarsa, abin da yara ke kira sikirinshot, to sabon hoto ne ya haifar, babu komai na mai asali a cikinsa. Abin da ya rage kawai shi ne tambarin da ake gani da ido a gefen hoto. Shi kuma da yatsa biyu ake yanke shi.

Me ya sa ake yankewa? Wata za ta ce yana ɓata mata kyan hoto. Wata za ta ce ai ta biya kuɗinta, don me za ta yi wa wani talla kyauta. Wasu kuwa da gangan suke yi don su ɗora nasu sunan: mai kwalliya da ba ita ta yi kwalliyar ba, mai lalle da ba ta taɓa ganin hannun ba, tela da bai san inda aka yanka ɗinkin ba. Irin wannan kuwa, ban da cin haƙƙin mai hoto, yaudarar mai saye ce, domin an nuna masa aikin wani an karɓi kuɗinsa.

Darasi daga lamarin Chibok

Don kada a ɗauka abin na bukukuwa ne kawai, bari mu tuna wani al'amari da duk duniya ta shaida. A daren 14 ga Afrilu 2014 aka sace 'yanmata 276 daga makarantar sakandaren gwamnati ta Chibok a Jihar Borno. Cikin 'yan makonni gangamin neman a dawo da su ya karaɗe intanet. Daga cikin hotunan da suka fi yawo akwai na wata yarinya mai kallon kyamara, an ƙara mata hawaye a kunci da kwamfuta. Dubban mutane, har da fitattu, suka yi ta yaɗa shi da kyakkyawar niyya.

Daga baya aka gano yarinyar ba 'yar Chibok ba ce, ba ma 'yar Najeriya ba ce. Wata Ba'amurkiya mai ɗaukar hoto, Ami Vitale, ita ta ɗauke ta a wani ƙauye a ƙasar Guinea-Bissau, dubban kilomitoci daga Borno, shekaru kafin a yi satar. Matar ta zauna da mutanen ƙauyen, suka yarda da ita har suka bar ta ta ɗauki 'ya'yansu, kuma aikin nata ba shi da wata alaƙa da sata ko ta'addanci. Aka ɗebo hotunan ba izini, aka cire sunanta, aka cire bayanin da ke tare da su. Da ta gani sai ta fito ta yi ta roƙon a sauke su, tana nuna cewa babbar damuwarta ita ce amanar da iyayen yaran suka ba ta.

Ki duba wannan da kyau, 'yar'uwa. Yarinya tana zaune lafiya a gidan iyayenta, an mayar da fuskarta ta wadda 'yan bindiga suka sace. Da an bar sunan mai hoton a jiki, da duk mai shakka ya nemi ta ya tambaya, da ƙaryar ba ta kwana ba. Saboda haka sunan mai hoto kariya ne ga wadda ke cikin hoton. Hoton da ba shi da suna kamar yaro ne da ya ɓace a kasuwa bai san sunan babansa ba, kowa na iya cewa nasa ne.

Mu ma nan muna ganin irinsa. Da zarar an yi wata fitina ko hatsari ko ambaliya, sai tsofaffin hotuna daga wasu ƙasashe su cika wayoyi, a ce ga abin da ya faru jiya a gari kaza. Hankula su tashi a kan abin da ba a nan ya faru ba.

Gumin mai hoto

Sau da yawa mukan raina aikin, mu ce ai danna maɓalli ne kawai. Amma ki tambayi mai sana'ar. Kyamara mai kyau da gilasanta da fitilu kuɗi ne masu yawa, wata sai ta sayar da kayan ɗakinta ko ta ci bashin dangi kafin ta mallaka. Bayan an tashi daga biki, ita aikinta bai ƙare ba, za ta kwana gaban kwamfuta tana tace hotuna ɗari-ɗari, tana gyara haske da launi, ga kuɗin man janareta. Wanda ya ɗauki Hawan Sallah kuwa ya sha rana da ƙura, ya tsaya gaban dawakai a guje. Wanda ya ɗauki masunta a madatsar ruwa ta Challawa da ke nan ƙasar Ƙaraye ya yi sammako ya jira fitowar rana. Mai sana'ar hoto ba shi da allon talla da ya wuce hoton kansa. Duk wanda ya ga aikin ya yaba, sunan da ke gefe ne zai kai shi wurin mai shi. An yanke suna, an yanke hanyar abinci.

A ƙasashen da aka ɗauki abin da muhimmanci, har kotu ake zuwa. Lokacin da aka yi girgizar ƙasa a Haiti ranar 12 ga Janairu 2010, wani mai hoto ɗan ƙasar, Daniel Morel, ya ɗora hotunan da ya ɗauka a Twitter. Wani mutum ya kwafe su ya ce nasa ne. Kamfanin dillancin labarai na Faransa, AFP, ya ɗauka ya rarraba, kamfanin Getty Images ma ya sayar wa jaridu. Morel bai haƙura ba. A watan Nuwamba 2013 wata kotu a birnin New York ta ce a biya shi diyyar dala miliyan 1.2. Abin da shari'ar ta tabbatar shi ne, ɗora hoto a intanet ba ya nufin mai shi ya yafe wa kowa ya ɗauka ya yi kasuwanci.

A ɗaya ɓangaren kuma, ga abin da suna ke jawo wa mai shi idan ya bi hotonsa. Fati Abubakar, 'yar Maiduguri, ta buɗe shafin Bits of Borno a Instagram a 2015, tana nuna rayuwar yau da kullum ta mutanen Borno: 'yan kasuwa, 'yan makaranta, masu biki, a lokacin da duniya ba ta jin komai game da jihar sai tashin bam. Da yake hotunan suna tafiya da sunanta, manyan kafofin labarai na duniya suka neme ta suka ba da labarinta. Haka nan a Kano, Sani Maikatanga, wanda ya daɗe yana aikin hoton jarida, ya zo na ɗaya a gasar Wiki Loves Africa ta 2023 da hoton ambaliyar ruwa a Auyo ta Jihar Jigawa. Wani abin lura game da wannan gasa shi ne, duk hoton da aka shigar ana sakinsa ne kowa ya yi amfani da shi kyauta, amma da sharaɗin a ambaci sunan wanda ya ɗauka. Ashe ko wanda ya yafe kuɗi bai yafe suna ba.

Me doka ta ce?

Mutane da yawa ba su san akwai doka a kan wannan ba. A watan Maris 2023 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin tsohuwar da ta samo asali tun 1988. Hukumar Kula da Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, NCC, ita ke lura da aiwatar da ita. Ga kaɗan daga abin da ya shafe mu.

Na farko, hoto yana cikin ayyukan da doka ta kare, kuma kariyar tana farawa ne da zarar an ɗauke shi. Ba sai an yi rajista ba, ba kuma sai an sa tambari ba. A ƙa'ida haƙƙin na wanda ya ɗauka ne, sai fa idan an yi wata yarjejeniya ta daban. Kariyar hoto tana kai shekara 50.

Na biyu, mai hoto yana da haƙƙin a danganta masa aikinsa, yana kuma da haƙƙin ƙin yarda a jirkita shi ta hanyar da za ta zubar masa da mutunci.

Na uku, kuma wannan ne ya fi shafar iyayen gida: idan kika ɗauko mai hoto kika biya shi ya ɗauki hoton biki ko suna ko na iyali don amfanin gida, doka ta ba ki damar amfani da hoton ta hanyar da ba ta kasuwanci ba, ta kuma ba ki ikon hana a buga shi ko a baje shi ko a yaɗa shi ga jama'a. Ma'ana, mai hoto ba shi da ikon ɗora fuskar amaryarku a shafinsa don talla idan kun ce ba ku yarda ba. Ke ma kuma ba ki da ikon ba wa mai shago hoton ta yi talla da shi ba da sanin mai hoto ba. Kowa da iyakarsa.

Na huɗu, sabuwar dokar ta tanadi hanyar da mai haƙƙi zai rubuta wa masu kula da shafi ya nemi su sauke abin da aka ɗora ba izini. Facebook da Instagram da TikTok da YouTube duk suna da fom na kai irin wannan ƙara, sai dai mai haƙƙin ne ko wakilinsa ke cikewa. Wadda aka ɗora hotonta ba da yardarta ba ita ma tana da wurin kai kuka a waɗannan shafuka. Ban da wannan, akwai Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, sannan sashe na 37 na kundin tsarin mulkin ƙasa ya tabbatar wa kowane ɗan ƙasa haƙƙin sirrinsa.

Me malamai suka ce?

Wata za ta ce ai wannan dokar Nasara ce, hoton da na kwafa bai ragu a wurin mai shi ba, ina satar take? Malaman zamani sun duba wannan tambaya tun kafin intanet ta shigo gidajenmu. A watan Disamba 1988, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC ta yi zamanta na biyar a Kuwait, ta kuma yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙimar dukiya a al'adar wannan zamani, shari'a ta amince da su, kuma bai halatta a yi musu ta'adi ba.

Bugu da ƙari, mu al'umma ce da aka san ta da mayar da magana ga mai ita. Malaman hadisi sun ƙarar da rayuwarsu wajen tantance wa ya ji daga wa. Ko a zauren karatu na gargajiya, almajiri kan faɗi littafin da ya ɗauko magana da malamin da ya karantar da shi. Abin kunya ne a ce jikokin masu wannan tarbiyya su ne ke goge sunan mai aiki su sa nasu. Ga kuma batun tsare mutunci da suturta 'yar'uwa, wanda ba sai an yi dogon bayani ba: hoton da aka ɗauka a cikin mata, kai ba ɗankwali, amana ce a hannun duk wadda aka tura wa.

Abin da uwargida za ta yi

Kafin biki, ku zauna da mai hoto ku yi magana a fili, in da hali a rubuce, ko da saƙon waya ne. Nawa ne kuɗin? Hoto nawa za a bayar? An yarda ta ɗora wasu a shafinta ko ba a yarda ba? In an yarda, waɗanne? Wasu iyalan sukan yarda a nuna lalle da kayan ado da wurin taro ban da fuska. In ba kwa son tambari a jikin hotunan, ku faɗa tun farko, ta faɗi abin da za a ƙara mata. A kuma shigar da ango da iyaye cikin shawarar, domin rigakafi ya fi magani.

Idan za ki ɗora hoton da wani ya ɗauka, kada ki yanke sunansa. In babu suna a jiki kuma kin san mai shi, rubuta a ƙasa: hoto daga wance. Kalma uku ce, ba ta cin data. Amma ki sani ambaton suna ba ya maye gurbin neman izini, musamman in talla za ki yi.

Kafin ki tura hoton wata, tambayi kanki: ta yarda? Mijinta ko iyayenta za su ji daɗi in sun gan shi a inda zan kai shi? In amsar da shakka, bar shi a wayarki. Hotunan da aka ɗauka a cikin ɗaki kuwa, WhatsApp yana da tsarin aikawa a buɗe sau ɗaya ya ɓace, wanda ya zo a 2021. Yana rage haɗari, amma ba ya hana wani ya ɗauki fuskar wayar da wata wayar. A cikin saitin manhajar kuma za ki iya zaɓar waɗanda ke ganin hoton fuskarki da sitatus ɗinki.

Ki kula da hotunan yara. Hoton yaro da kayan makaranta mai ɗauke da bajo, a tsaye a ƙofar gida, ya gaya wa baƙo sunan makarantarsa da inda yake kwana.

Idan hoton tashin hankali ya shigo miki, kada ki yi saurin turawa. Akwai Google Lens da TinEye, inda ake saka hoto su nuna wuraren da ya taɓa fitowa. Cikin minti ɗaya za ki iya gane cewa hoton ya shekara goma, kuma daga wata nahiya yake. In ba ki iya ba, sa yaranki su nuna miki.

Ga 'yan'uwa masu sana'a

Ke mai hoto, ki riƙa ajiye asalin hotunanki da cikakken girmansu a wuri biyu, domin su ne shaidarki ranar gardama. Waɗanda za ki ɗora a shafi, rage musu girma. Sa tambarinki a inda yanke shi zai ɓata hoton, amma kada ya rufe fuska. Cika sunanki da lambarki a cikin ɓoyayyen bayanin hoto, kuma in za ki tura wa mai biki ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, ta haka ingancinsa da bayaninsa ba sa zubewa. Kada ki ɗora fuskar kowa sai da izini, kuma ranar da aka ce ki sauke, sauke ba tare da jayayya ba. A wannan sana'a, musamman ga mace mai shiga cikin gidaje, riƙon amana shi ne jari. In kin ga an ɗauki aikinki, fara adana shaida, sannan ki yi magana cikin lalama, domin da yawa rashin sani ne. In an ƙi ji, ki kai ƙara wurin masu shafin, in abin ya girma ki nemi lauya ko ofishin NCC.

Ke kuma mai lalle, mai kwalliya, mai ɗinki da mai sayar da kaya, ki ɗauki hoton aikin hannunki ko da da wayarki ce. In kina son na ƙwararru, haɗa kai da mai hoto: ta ɗauka, ki ambace ta, ta ambace ki, kowa ya samu ciniki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yadda tamu ta ƙare

Mai leshin nan, da aka yi mata magana, ta ba da haƙuri ta sauke hoton a ranar. Ta ce ita ma a wani zaure ta tsince shi, ba ta san amaryar kowa ba ce. Sai dai kwafin da ya riga ya shiga wayoyin mutane, wannan ya tafi ke nan. Ango ya huce bayan manya sun sa baki. Yayata kuwa da kanta ta shirya ta je har Rogo ta ba yarinyar nan haƙuri a gaban mahaifiyarta, domin a gaban mutane aka zarge ta. Yarinyar ta ce ta yafe, amma ta roƙi abu ɗaya: duk wadda aka gaya wa cewa ta sayar da hoto, a koma a gaya mata ba haka ba ne. Mun yi iya ƙoƙarinmu, sai dai har yau ban tabbata gyaran ya isa duk inda zargin ya isa ba.

Saboda haka 'yar'uwa, a duk lokacin da yatsanki ya kai kan maɓallin turawa, ki tuna akwai mutum biyu a bayan hoton nan, ɗaya a gaban kyamara, ɗaya a bayanta, kuma kowannensu yana da haƙƙin da za a tambaye ki.

Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin juna, Ya suturta mu da zuriyarmu, Ya sa albarka a sana'o'inmu.